Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Abin da Na Gani a Duniyar Linux

Akasarinmu ɗaliban wannan sashe da tsofaffin kwamfutoci muke aiki, irin na hannu waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka a baje su a kasuwar kwamfuta ta Ikeja da makamantanta. To, a ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10, ita kuwa Windows 11 da ta gaje ta ba a kan kowace na'ura take yarda ta zauna ba, domin tana da sharuɗɗan da yawancin tsofaffin nan ba su cika ba. Ke nan mai ƙaramin ƙarfi ya shiga tsaka mai wuya, ko dai ya ci gaba da zama da manhajar da ƙofofinta ke ƙara buɗewa ga ɓarayin intanet, ko ya nemo kuɗin sabuwar na'ura, ko kuma ya nemi wata babbar manhajar daban. Ni hanyar ƙarshen nan na bi, na ɗora Linux, kuma abin da na tarar a can shi nake so mu tattauna, domin ya shafi harshe fiye da yadda mai karatu zai zata.

Ga wanda bai san ta ba, Linux babbar manhaja ce da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara rubuta ƙwayarta a shekarar 1991, aka haɗa ta da kayan aikin shirin GNU wanda Richard Stallman ya shelanta tun 1983. Kyauta ake ba da ita, kuma asalin rubutunta a buɗe yake, kowa na da 'yancin ya karanta, ya gyara, ya raba wa wasu. Ƙarfinta ba abin musu ba ne. Tun watan Nuwamba na 2017 dukkan manyan kwamfutoci 500 da suka fi sauri a duniya da ita suke aiki, haka kuma duk wayar Android da ke aljihunmu ƙwayar Linux ce a cikinta. Amma idan aka dawo kan kwamfutar tebur da ta cinya, wadda ɗalibi da ma'aikacin ofis ke amfani da ita, sai labari ya sha bamban. Sai a shekarar 2024 ne ƙididdigar StatCounter ta nuna rabonta ya haura kashi 4 cikin 100, har masoyanta suka yi ta murna. Abu na kyauta, mai inganci, ya shekara sama da talatin yana neman masu karɓa! Dalilan suna da yawa, amma wanda na ci karo da shi da kaina shi ne rarrabuwar kayan gini.

Bari in yi bayanin abin da nake nufi. Magini idan zai gina gida ba ya zama ya ƙera ƙofa da taga da sakata da kansa, wurin kafinta ko mai walda yake zuwa ya sayo. Haka shi ma mai rubuta manhaja, ba ya zana kowane maɓalli da kowace taga da jerin zaɓi daga tushe. Akwai akwatin kayan gini da wasu suka riga suka haɗa, daga ciki yake ɗauko maɓallin da za a danna, da gurbin da za a yi rubutu, da tagar da ke buɗewa idan za a adana fayil. Wanda ke rubuta manhaja domin kwamfutar Apple ya san akwatin da zai ɗauka, kamfanin ya tanada. A Linux kuwa tambayar farko da zai yi ita ce, wane akwati daga ciki?

Asalin abin tsoho ne. Tsarin X, wanda ya daɗe yana ɗauke da aikin zana tagogi a kwamfutocin dangin Unix, an fara shi ne a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, kuma da gangan masu shi suka ƙi tsayar da yadda maɓalli ko taga za su kasance, suka ce su hanya kawai suka share, kowa ya gina abin da ya ga dama a kai. A watan Oktoba na 1996 wani ɗalibin jami'ar Tubingen ta Jamus, Matthias Ettrich, ya gaji da yadda kowace manhaja ke da kamanninta daban, sai ya yi kira da a gina shimfiɗa guda mai kamanni ɗaya, aka sa mata suna KDE. Akwatin da ya zaɓa shi ne Qt, na wani kamfanin ƙasar Nowe mai suna Trolltech. Sai dai kash, lasisin Qt na wancan lokaci bai cika sharuɗɗan manhaja mai 'yanci ba, su kuwa mutanen GNU a wurinsu wannan batu ne na aƙida. Saboda haka a watan Agusta na 1997 wasu matasa biyu 'yan ƙasar Meziko, Miguel de Icaza da Federico Mena, suka fara tasu shimfiɗar mai suna GNOME, suka ɗauko akwatin GTK wanda Peter Mattis da Spencer Kimball suka ƙera a jami'ar Kalifoniya ta Bakali domin manhajarsu ta gyaran hoto, GIMP.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihin nan shi ne, a shekarar 2000 kamfanin Trolltech ya saki Qt a ƙarƙashin lasisin GPL, wato ainihin lasisin da mutanen GNU suka rubuta da hannunsu. Dalilin rigimar ya kau ke nan cikin shekara uku kacal. Amma kafin nan kowane ɓangare ya riga ya gina gidansa, ya tara jama'arsa, ya rubuta manhajojinsa: wannan da tasa manhajar duba fayiloli, wancan da tasa; wannan da tasa ta karanta wasiƙu, wancan da tasa. Har yau gidajen nan biyu suna nan tsaye, ga kuma ƙananan gidaje da suka tsiro a gefe.

Yanzu mu dubi kwamfutar ɗalibin harshe, mu ga yadda abin yake a aikace. Manhajar Praat da muke auna sautuka da ita a darasin ilimin furuci, wadda Paul Boersma da David Weenink suka rubuta a Amsadam, da GTK take aiki a Linux. Anki da 'yan'uwanmu masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu ke haddar kalmomi da ita, da Qt aka gina ta. ELAN ta rubuta hirarrakin da aka naɗo, da kayan Java aka yi ta. LibreOffice da muke buga aikin jinga da ita tana da nata akwatin na gida, Zotero ta tattara madogara kuwa a kan kayan Firefox take zaune. Manhajoji biyar ke nan a na'ura ɗaya, kowace da gidan da ta fito. Wata girman haruffanta ya yi daidai, wata sai ka kanne ido. Ka mai da fuskar kwamfuta baƙa domin karatun dare, wasu su bi, wasu su tsaya da farinsu ƙal.

Wannan duk mai sauƙi ne, ido yana sabawa. Inda abin ya taɓa ni shi ne wajen haruffanmu masu lanƙwasa. A manhajojin GTK akwai wata dabara: idan ka danne Ctrl da Shift da U tare, ka buga lambar harafi ta tsarin Unicode, sai harafin ya fito. Lambar ƙ ita ce 199, ta ɗ 257, ta ɓ kuma 253. Na saba da wannan har yatsuna sun haddace. Ranar da na zauna zan shirya wa wata 'yar ajinmu, Bayarabiya mai ƙoƙarin gaske, katunan kalmomi a Anki domin ta riƙa bambance ƙafa da kafa, da ɗaki da daki, na danna maɓallan nan babu abin da ya fito. Ashe dabarar ta akwatin GTK ce, shi Qt bai san da ita ba sai an haɗa shi da wata manhajar shigar da rubutu kamar IBus, kuma kowane akwati da inda ake gaya masa wadda zai yi amfani da ita. Na'ura ɗaya, allon madannai ɗaya, amma harafin da ya fito a wannan taga ya ƙi fitowa a ta kusa da ita. Ga wanda ke rubuta Turanci wannan ba matsala ba ce, bai ma san tana nan ba. Mu kuwa da baƙin ciki da bakin ciki ba abu ɗaya ba ne, matsala ce babba. Mafitar da na samu daga baya ita ce tsarin madannai na Nijeriya mai reshen Hausa, wanda ke zuwa cikin Linux tun asali. Shi yana zaune ne a ƙasa da akwatunan duka, don haka kowace manhaja tana jin sa. Mai karatu ya riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ita 'yar ajin namu da ta ga na'urata ta daina nauyi, sai ta ce, “Malam, ni ma a sa mini irin taka.” Na sa mata Linux Mint, ta yi mako biyu tana jin daɗi. Rannan firinta ta ƙi amsa mata, ta kai wa wani ɗan unguwarsu da aka ce ya san Linux. Shi kuwa KDE ya sani, duk inda ya ce ta danna babu wurin a na'urarta, domin shimfiɗarta Cinnamon ce. Ko jerin maɓallan amincewa da sokewa ma ba ɗaya ba ne a gidajen biyu: a al'adar GNOME na sokewa ne a hagu, na amincewa a dama, a ta KDE kuwa na amincewa ke fara zuwa kamar yadda yake a Windows. Ƙarshenta mai gyara ya goge komai ya mayar mata da Windows, ya karɓi kuɗinsa. Ban ga laifinta ba, ban kuma ga nasa ba. A ƙasarmu ba daga littafi ake koyon kwamfuta ba, daga maƙwabci ake koya da mai shagon buga takardu, kuma ilimin maƙwabci ba ya amfani idan abin da ke fuskar na'urarsa daban yake da naka.

Sai batun fassara, wanda shi ne ya fi kusa da sana'armu. Mu ɗauka ɗaliban wannan sashe sun yi niyyar mayar da Linux cikin Hausa. Ba wuri ɗaya za su je ba. GNOME tana da nata rukunin mafassara da nata rumbun jimloli, KDE tana da nata, LibreOffice da nata, Firefox ma da nata har da tsarin fayil nata na daban. Kalma ɗaya tak, ta maɓallin adana aiki, sai an fassara ta a kowane gida, kuma babu mai tilasta wa gidajen su yi amfani da kalma guda. Wannan ya sa “Ajiye”, wancan ya sa “Adana”. Hatta alamar da mafassari ke sawa a gaban harafin gajeriyar hanya ta bambanta, a GTK ɗan layin ƙasa ne, a Qt kuma wata alama ce daban, idan ka rikita su sai alamar ta fito tsirara a kan maɓalli. Jamusanci da Faransanci suna da ɗaruruwan 'yan sa-kai, za su iya ciyar da gida huɗu. Harshen da masu yi masa irin wannan hidima ba su taka kara sun karya ba, idan aka raba su huɗu, kowane gida sai ya tashi da rabin aiki. An taɓa yunƙurawa a tsakiyar shekarun 2000 da Wazobia Linux, wadda ta zo da Hausa da Yarabanci da Ibo, amma fassarar manhaja ba aikin yi sau ɗaya ba ne, kowane sabon zubi da sababbin jimlolinsa. Shi kuwa Microsoft, da yake gidansa ɗaya ne, ya iya fitar da kunshin Hausa na Windows 7 da jerin kalmomi guda.

Da a ce akwatunan biyu suna zaune daram, da da sauƙi. Amma kowanne yakan rushe kansa ya sake gini. GTK na 2 ya fito a 2002, na 3 a 2011, na 4 a ƙarshen 2020. Qt na 4 ya fito a 2005, na 5 a 2012, na 6 shi ma a ƙarshen 2020. Kowane sabon zubi sai mai manhaja ya koma ya yi wa aikinsa kwaskwarima, wani lokaci ma babbar tiyata. Misalin da ya fi kowanne shi ne GIMP, wadda dominta aka ƙera GTK tun farko: ba ta kammala ƙaura zuwa GTK na 3 ba sai a watan Maris na 2025, shekara goma sha huɗu bayan fitowarsa, alhali na 4 ya riga ya shekara huɗu a duniya. Idan uwar gida ta sha wannan wahala, ina ga baƙo? Haka kuma da GNOME ta 3 ta fito a 2011 da sabon fasali, waɗanda ba su gamsu ba suka ɓalle, aka sami MATE da Cinnamon, kamfanin Canonical kuma ya kama tasa hanyar da Unity kafin ya watsar da ita a 2017. Wasu manhajojin kuma ƙaura suka yi daga gida zuwa gida, kamar Wireshark da ta bar GTK ta koma Qt a 2015. Duk shekarun da aka kashe ana ƙaura, shekaru ne da ba a ƙara wa mai amfani komai ba.

Ba ni kaɗai na ga haka ba, su kansu masu gidan sun faɗa. A 2012 Miguel de Icaza, wanda ya kafa GNOME, ya rubuta maƙala yana ɗora alhakin rashin karɓuwar Linux a kan yawan sauye-sauyen da ke karya manhajojin wasu da kuma rashin jituwa tsakanin rabe-rabenta. A 2014 kuma, a taron masu Debian, Torvalds da kansa ya koka cewa shirya manhaja domin masu Linux su sauke kai tsaye azaba ce, har ya ba da misali da tasa manhajar ta masu ninƙaya a ƙarƙashin teku, wadda suke shirya wa Windows da Apple cikin sauƙi. Idan mai gida ya ce haka, kamfanin da ke lissafin riba me zai ce? Zai dubi kasuwar da ba ta kai kashi biyar cikin ɗari ba, ya ga kuma a rarrabe take, sai ya kama gabansa.

Adalci dai shi ne in faɗi cewa ba wannan ne kaɗai dalili ba, wataƙila ma ba shi ne babba ba. Kwamfuta da Windows a cikinta ake sayo ta, kuma mutum ba ya canza abin da bai dame shi ba. A nan gida kuma kalmar kyauta ba ta da wani armashi, tunda mai gyara zai sa maka kowace manhaja a kan kuɗi kaɗan ba tare da an tambayi lasisi ba. Masu kare rarrabuwar su ma suna da hujja, domin ita ce ta sa na sami shimfiɗa marar nauyi da tsohuwar na'urata ke iya ɗauka, kuma ba wanda ya isa ya umarci ɗan sa-kai ya bar aikin da yake so. Bugu da ƙari, ita ma Windows tana da akwatuna barkatai da Microsoft ya fitar a tsawon shekaru. Bambancin shi ne a can tsohon ba ya mutuwa, manhajar da aka rubuta shekara ashirin da suka wuce galibi tana tashi har yau. Abin dariya ma, da kamfanin Valve ya tashi kawo wasannin kwamfuta Linux, har ya fitar da na'urarsa Steam Deck a 2022, hanyar da ta fi yi masa aiki ita ce Proton, wato shimfiɗar da ke sa wasannin da aka rubuta domin Windows su yi aiki a Linux yadda suke.

Na ce zan dawo kan tsarin madannai. Abin da na lura shi ne duk inda gidajen suka yarda suka haɗu a ƙasa, matsala takan mutu shiru. Tun shekarar 2000 aka kafa dandalin freedesktop.org domin irin wannan yarjejeniya. Mafi kyawun misali a wurina shi ne HarfBuzz, injin da ke jera haruffa ya ɗora musu wasulla da alamomi. A da kowane gida da nasa, yau kuwa GTK da Qt da Firefox da Chrome da LibreOffice da Android duk shi suke amfani da shi. Shi ya sa rubutun ajami ke haɗuwa daidai a kusan ko'ina, alamar karin sauti kuma take hawa kan wasalin Yarabanci mai ɗigo a ƙasa ba tare da ta zame ba, muddin zubin haruffan mai kyau ne. Tsarin Flatpak ma ya zo da wata dabara da ke ba manhaja damar aron tagar adana fayil ta shimfiɗar da ta tarar, maimakon ta zo da tata.

Mu ɗaliban Hausa bai kamata wannan ya zame mana baƙon labari ba. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, ƙamusun Bargery na 1934 ya rubuta sautukan nan namu ta wata hanya, sannan a shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa a zamanin R. M. East a Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta yaɗa su daga 1939. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, an zauna a Bamako a 1966, kuma duk da haka har yau mu muna rubuta 'y, 'yan'uwanmu na Nijar suna rubuta ƴ. Daidaitacciyar Hausa ba ta hana Basakkwace yin Sakkwatancinsa ba, abin da ta yi shi ne ta ba mawallafi da malamin makaranta da mai shirya jarrabawa abu guda da za su dogara da shi. Irin wannan ne Linux ta samu a wajen jera haruffa, ba ta samu ba tukuna a wajen maɓalli da taga.

Haɗa GTK da Qt ba aikinmu ba ne, ba mu da iko a kai. Amma akwai ɓangaren da ke hannunmu, wato jerin kalmomi guda wanda duk mai fassara manhaja zuwa Hausa zai ɗauka, ko wane gida ya nufa. Na fara tattara nawa a littafin rubutu, kuma tun a shafin farko na tsaya cak a kan tambayar da Turanci bai san da ita ba: idan kwamfuta za ta tambayi mai amfani ko yana son adana aikinsa kafin ya rufe, “kana so” za ta ce, ko “kina so”, ko “kuna so” na girmamawa? Wani malaminmu ya ba da shawarar a kauce wa jinsi gaba ɗaya a ce “A adana?”, wasu 'yan ajinmu kuma suka ce wannan ya yi kama da maganar ɗan aike. Na kai kalma ta arba'in da ɗaya, mun kuma sa ranar Laraba bayan darasin fassara domin mu zauna a kan sauran, duk mai sha'awa ya zo da nasa jerin.